Filin Gareji: Tambayoyinku kan sifana, sukundireba da sauran kayan aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk akan kayan aiki ne, sai na haɗa su guri ɗaya. Waɗanda suka yi tambaya akan baƙin mai da hayaƙin mashin ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Oga. Ni ɗan Katsina ne ina zaune a Agege, da okada nake yi ta wajen Ikeja, to tunda gwamnati ta hana mu a 2022 sai na koma koyon gyaran mashin wajen wani maigidana, yanzu yace bayan sallah zai yaye ni. Kuɗin hannuna ba yawa wlh, kuma naga wani akwati a kasuwa mai kaya sama da ɗari a ciki da araha, in saye shi gaba ɗaya in huta ko yaya? Dan Allah a bani shawara kamar ƙaninka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'ar, Allah ya saka wa maigidanka da alheri. Kuma kayi dabara, don hanin da aka yi ranar 1 ga Yuni 2022 a su Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Mainland da Island, da wanda aka ƙara a Satumba ya haɗa da Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe da Shomolu, bai sa mashin ya ɓace daga Legas ba, gefe ya koma, su Alimosho, Ikorodu, Ojo har Badagry, ga keke napep ga janareto a kowane lungu. Aiki akwai shi.

Akwatin nan kuma kar ka saya. Ka zauna yini ɗaya a garejin maigidanka ka lura da abinda hannunsa yake ɗauka tun safe har magariba, zaka ga basu wuce guda goma sha wani abu ba, su yake ta juyawa. Mafi yawan mashinan da muke gyarawa, Boxer, TVS, Jincheng, Haojue, Qlink da masu injin irin na Honda CG, lambobin notikansu a milimita 8, 10, 12, 14, 17 da 19 ne, ka ƙara 13 saboda wasu notikan na Indiya da na keke, sai babba ɗaya ko biyu irin 22 da 24 na notin taya. Shi akwati mai kaya ɗari rabinsa ƙananan bakin sukundireba ne da lambobin da sai ka shekara baka taɓa su ba, kuma don ya zo da araha dole an rage wani abu, abinda ake ragewa kuwa shine ƙarfen. Sai ya zama lamba 10 ɗin da zaka yi aiki da ita tun safe har dare ita ma da ƙarfen banza aka yi ta, wata biyu bakinta ya buɗe.

Kuma abinda nake so ka riƙe shine sifanar banza ba kanta kaɗai take cuta ba, mashin ɗin mutane take cuta. Ɗauki ƙananan notikan murfin inji masu lamba 8 ɗin nan, ka sa sifana mai sako-sako ka ja da ƙarfi, sai ta zame ta cinye kusurwar kan notin ya koma mulmulalle, daga nan sai a ɗauko guduma da cizal a fara duka, shi kuma jikin inji alminiyam ne baya jure duka, in tsautsayi ya gifta murfin ya tsage mai ya fara ɗiga, mai mashin yana tsaye yana kallonka. Aikin minti biyar ya zama na wuni, ka biya murfi daga aljihunka, kuma gobe a majalisar 'yan okada za'a ce sabon bakaniken nan baida hannu. Kai da kake neman kwastoma na farko wannan asarar tafi kuɗin sifana nesa ba kusa ba.

Saboda haka ka kashe kuɗinka mai kyau akan abu kaɗan. Sifana mai baki biyu, gefe ɗaya ringi gefe ɗaya fulat, a waɗancan lambobin. Sifanar T lamba 8, 10 da 12, ita ce ke saurin aiki a murfin inji da robobin jiki, lamba 10 ɗin ma ka sayi biyu don ita ce ke fara ɓata a kowane gareji. Soket kuma ka nemi mai kusurwa shida a ciki, ba mai sha biyu ba, mai shida yana rungumar gefen noti ne gaba ɗaya, mai sha biyu kusa da kusurwa yake kamawa shi yasa yake saurin cinye notin da ya yi tsatsa. Hannun raci, wato hannun da ake maƙala wa soket a murɗa, mai 3/8 (girman bakin da soket ke zama a kai ke nan) ya isa aikin mashin, amma kar ka riƙa ɓalle noti mai tauri da shi ko ka zura masa fayif, haƙoran ciki ƙanana ne zasu kakkarye, ka sayi doguwar sanda mai 1/2 daban saboda notin taya da na sifirokat. Sai filaya ta gari ɗaya, mai dogon baki ɗaya, filayar cire sakilif, alanki 4, 5, 6 da 8, sifanar fulogi, da filageji na saita bawul. Inda zaka iya yin araha hankali kwance shine guduma, ƙarfen cire taya, burushin waya, mazurari da tiren tarar mai.

Yanzu yadda zaka gwada a kasuwa, ko Ladipo ka je ko Trade Fair ta hanyar Badagry. Ka sa sabbin notika uku a aljihu, mai kai 10 da 12 da 14. Duk sifanar da aka miƙo maka ka zura notin a bakinta ka girgiza, ta kirki zaka ji ta kama cif, in akwai motsi ɗan kaɗan ne, ta banza kuwa zaka ji notin yana rawa a ciki kwaram-kwaram. Ka ɗaga ringin sama ka leƙa ta haske, kusurwoyin su fito tsaf a gyare, ramin ya zauna a tsakiya ba gefe ɗaya yayi kauri ɗaya yayi siriri ba. Ka shafa da babban yatsa, in kaji kaifi ko fentin azurfan yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa to ajiye ta. Kuma kar kauri ya ruɗe ka, sau da yawa ana ƙara wa baki kauri ne don ƙarfen baida ƙarfi, sai ka zo lungun inji ta ƙi shiga. Rubutun Cr-V yana nufin ƙarfe mai haɗin kurom da banadiyam, shine ya kamata ace anyi sifana da shi, amma fa rubuta shi ba kuɗi ake biya ba, kowa yana bugawa. Masu jefa sifana a siminti su saurari ƙararta ni ban cika dogara da wannan ba, notin aljihunka yafi faɗa maka gaskiya.

Suna kuma, na Taiwan irin King Tony da Toptul in ka samu na asali suna da kyau ƙwarai ga mai aikin kullum, Ingco da Total na Chana sun cika gari kuma za'a iya fara sana'a da su, musamman filaya da sukundireba. Ka roƙi maigidanka ya raka ka ranar farko, yana da shagon da ya saba saye, kuma ɗan kasuwa baya miƙa wa tsohon kwastomansa jabu yadda zai miƙa wa baƙuwar fuska.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina okada a Ikorodu kuma ni nake ɗan taɓa mashin ɗina da kaina. Matsalata duk sukurun da na kwance na kafireto sai kansa ya cinye, na canza sukundireba sita har kala-kala amma abu ɗaya ne. Hannuna ne ko sukurun ne basu da kyau?

AMSA: Ɗan uwa ba lallai hannunka bane. Sitar ba iri ɗaya bace duk da a ido kamar ɗaya suke. Akwai Phillips wadda ita ce ta cika kasuwa, akwai kuma ta ma'aunin Jafan da ake kira JIS, su Honda da Yamaha da Suzuki da ita suka saba ɗaure kafireto da ƙananan murafu, kuma injinan da aka kwaikwaya daga nasu da yawa haka suka taho. Ka goge kan sukurun ka duba, in kaga wani ɗan ɗigo a gefen giciyen to JIS ne, duk da ba kowanne ke da ɗigon ba. Bakin Phillips baya zama har ƙasa a cikinsa, kana murɗawa yana tasowa sama yana cin gefen. Kamfanin Vessel na Jafan suna yin wadda take zama daram a irin wannan, in ka samu lamba 2 ka riƙe ta da kyau.

In baka samu ba ga abinda zaka yi. Na farko ka tabbatar lambar ta dace, mutane da yawa lamba 1 suke sa wa sukurun lamba 2 don sunga ta shiga, alhali shiga daban kamawa daban. Ka share ƙasa da datti daga cikin giciyen da allura, ka zura, ka ɗan ƙwanƙwasa bayanta in irin mai ƙarfe har baya ce, sannan ƙarfinka yafi yawa wajen dannawa ƙasa akan murɗawa. Akwai kuma direban duka, wanda kake dafawa akan sukuru ka buga masa guduma shi kuma ya juya da kansa, yana ceton rai a murfin inji, amma a kafireto kar ka kuskura, jikinsa baida ƙwari zai fashe. Wanda kansa ya riga ya tafi ka kama shi da filaya mai kulle ka fitar, kar ka mayar da shi, ka sa mai kan alanki a gurinsa ka huta.

Sukundirebar da bakinta ya fara sheƙi ya lanƙwashe kuma ta gama aiki, ka mayar da ita ta ƙwaƙular datti.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce ina da shagon kayan sanyi a Idi-Araba, janareto biyu gare ni ƙarami da babba. Yarona ne ke cire fulogi yana wankewa, ranar nan ya ɗaure sai fulogin ya riƙa juyawa ya ƙi kamawa, mai gyara yace zaren ramin ya cinye. Wane kaya ya kamata in ajiye a shago don kar a sake?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kar a yi wa yaron faɗa da yawa, manya ma suna yin wannan. Kan inji alminiyam ne, fulogi kuma ƙarfe, in aka sa shi a karkace aka bi da sifana to ƙarfen ne zai ci alminiyam ɗin. Ki faɗa masa ƙa'ida biyu, ya bari inji ya huce kafin ya cire, in zai mayar kuma ya fara murɗawa da yatsunsa kawai har sai ya zauna, in yaji tauri tun zagaye na farko ko na biyu ya warware ya sake, sai ya zauna sannan ya ɗan ƙara da sifana kaɗan, tsohon fulogi baya son ja da yawa.

Kayan da zaki ajiye basu da yawa. Sifanar fulogi daidai da naki, yawancin janareton fetur 21 ne, na mashin kuma 16 ko 18, mafi sauƙi a tafi da tsohon fulogin kasuwa a gwada. Wadda ke zuwa a kwalin janareto ta gwangwani ce bata daɗewa, a sayi mai kauri mai roba a ciki da ke riƙe farin kan fulogin. Sai sifana 8, 10 da 12, sukundireba sita da fulat, filaya ɗaya da ƙaramin burushin waya. Ramin da ya cinye kuma ba sai an sayi sabon kan inji ba, masu aikin injin dabra suna sa masa sabon zare na ƙarfe a ciki ya koma aiki. Kuma Hajiya tunda maganar janareto ake, dan Allah a riƙa ajiye shi a waje inda iska ke wucewa, nesa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

TAMBAYA: Oga wani ya kawo min sifanu tokumbo masu nauyi, wasu an rubuta 1/2, 9/16, 7/16. Ga kuma sababbi fil a leda an rubuta Germany. Wanne zan ɗauka? Daga mai gyaran keke a Mile 12.

AMSA: Maigida waɗannan masu lamba da layi a tsakiya na inci ne, daga Amurka ko Ingila suka fito, kekenka kuma da milimita aka ɗaure shi. Lissafin a fili yake, 1/2 shine milimita 12.7, kaga ya yi wa noti 12 yawa ya kuma yi wa 13 kaɗan. 9/16 shine kusan 14.3, zai shiga noti 14 amma da rawa, 7/16 kuma 11.1. Wannan 'yar rawar da kake rainawa ita ce ke mulmule noti. Komai kyawun ƙarfensu ba naka bane, ka bar wa masu gyaran tsoffin injinan Amurka.

Amma in a cikin tulin akwai masu milimita to nan ne ake tsintar dami a kala. Tsohuwar Gedore ko Stahlwille ta Jamus, ko Facom ta Faransa, ko filayar Knipex, in bakinta bai buɗe ba, ni na fi son ta akan sabuwar da ban san asalinta ba ko da duk fentin ya goge. Ka gwada ta da noti kamar yadda na faɗa wa ƙaninmu na Agege, ka duba kusurwar baki ko akwai tsaga, ka duba ko an taɓa yi mata walda ko an gasa ta an miƙar, wadda ta sha wuta ƙarfinta ya tafi. Ita kuma sabuwa mai Germany, ka tambayi kanka wane kamfani ne, don masu yin na gaske sunansu suke bugawa a jiki a nutse tare da lambar samfurin, ba sunan ƙasa kaɗai ba. In kuma kaga babban suna amma kuɗin bai kai na Chana ba to ka san amsar.

TAMBAYA: Kayana duk sunyi tsatsa tun damina, a Ajegunle nake kusa da ruwa. Me zan yi?

AMSA: Iskar Legas ke nan ɗan uwa, ga laima ga gishirin teku, balle a watan Yuni da Yuli. Ka jiƙa su a kananzir ko gas su kwana, ka goge da burushin waya, ka shafe da tsumma mai ɗan baƙin mai sabo. Filaya ka ɗiga mata mai a gaɓa ka buɗe ka rufe har baƙin ruwan ya daina fita. Daga yanzu kar akwatin ya kwana a ƙasa, ɗora shi kan katako ko benci, kuma kar ka rufe jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Filageji yafi kowa saurin lalacewa, in tsatsa ta ci shi kaurinsa ya canza, sai dai sabo.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, shekarata ashirin da wani abu ina gyaran mashin a Ojo wajen Alaba Rago, ban taɓa riƙe sifanar awon ɗauri ba, wadda kuke cewa tok renci, kuma inji bai taɓa kwancewa a hannuna ba. Yarana sun dame ni wai sun gani a YouTube. Ba ɓarnar kuɗi bace?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma. Na yarda hannunka ya san ɗauri, shekaru ashirin ba wasa ba. Amma yaran fa basu da wannan hannun tukuna, kuma matsalar da muke gani a gareji ba sako-sako bace, wuce gona da iri ne. Ƙaramin noti mai kai 10 ɗaurinsa wajen 10 Nm ne kawai (Nm shine ma'aunin ƙarfin ɗauri), fulogi mai siririn zare na milimita 10 tsakanin 10 zuwa 12, yaro mai jini a jika da sifanar T a hannu biyu zai wuce haka bai ma sani ba, shi yasa kake ganin notin juye mai da zarensa ya cinye an naɗe shi da leda ko zare, da notin murfin bawul da ya karye a ciki. Sai kuma kan silinda, can ba ƙarfi kaɗai ake nema ba, ana so duk notikan su ɗauru daidai da juna a bi su a giciye kaɗan-kaɗan, in ɗaya yafi ɗaya gasket ya fara hura iska ko mai ya riƙa tsatsafowa.

Shawarata ka sayi guda ɗaya ta gareji mai 3/8, wadda awonta ya fara daga ƙasa wajen 10 ya kai 60 ko sama kaɗan, babbar ta mota bata jin ƙananan notikan mashin. Lambar ɗaurin kowane noti tana littafin gyaran mashin ɗin, a bi ta can. A nan kam ban yarda da tokumbo ba, don baka san faɗuwa nawa tayi ba kuma ido baya gane ta saki awo. Tana yin ƙas sau ɗaya a tsaya, kar a ƙara ko kaɗan, ba'a kwance noti da ita, in an gama a mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta kafin a ajiye don kar sifirin ɗin ciki ya gaji. Ka sa yaran su ɗaure da hannu yadda suka saba sannan su gwada wani notin irinsa da ita su ji bambancin a hannunsu, a haka zasu koya. Kuma in kuɗin zai kai Baba ka haɗa da abin cire maganeto, a daina dukan kan kuransha da guduma, sai dai a duba zarensa kafin a saya don na wasu mashinan hagu yake ɗauruwa.